Layin da Mai Firam Ya Rufe

Shekara talatin da bakwai Mai Firam ya yi yana saka takardun mutane a bayan gilashi, kuma a cikinsu bai taɓa karanta ko guda ɗaya har ƙarshe ba. Ba raini ba ne. Karatunsa ne bai wuce na haɗa suna da lamba ba, takardun kuwa yawanci da harshen waje ake rubuta su. Sai ya samo wa kansa hanyar da yake ganin ta fi karatu. In ka miƙa masa takarda, zai ɗaga ta a tafin hannu ya ji nauyinta, ya murza gefenta tsakanin yatsu biyu, ya shafa hatimin ya ji ko ya tasa. Daga nan ya yanke maka hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

“Wannan karatu ne,” zai ce in ta yi kauri. In kuwa ya ji ta shafal sai ya taɓe baki ya ce, “To, Allah ya sa albarka.”

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a wani layi mai cunkoso, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifu. Da ka shiga warin gam da garin katako za su tare ka. Akwai dogon tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo don kada gilashi ya karce, da rula ta ƙarfe, da gwangwanin ƙananan ƙusoshi, da ɗan abin yankan gilashin da ya gada wurin maigidansa. Yatsunsa duk zane-zanen yanka ne, sabo a kan tsoho. Mutum ne da idonsa ba ya haƙuri da karkata. An sha ganinsa a gidan gaisuwar mutuwa ya miƙe tsam daga kan tabarma ya je ya daidaita hoton da ke bango, ya dawo ya ci gaba da addu'a.

'Ya'yansa biyar, huɗu maza sun watse neman abinci, sai mace ɗaya ta ƙarshe da kowa ke kira Auta. Tana da shekara bakwai ta biyo shi shago wata ranar da babu makaranta. Ya jingine wani gilashi a ƙasa, abin da bai saba yi ba, ya juya yana ciniki. Ta zo da gudu ta yi tuntuɓe da ƙafar tebur. Gilashin ya yanke ta a muƙamuƙi, ƙasa kaɗan da kunnen dama. Aka ɗinke, ciwo ya warke, amma tabon bai kwanta ba. Ya tasa, ya yi tauri, ya tsaya kamar ƙwayar gyaɗa, yana sheƙi, yana ƙaiƙayi in an yi zafi.

Mutane suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Matarsa, wadda har shi ma yake kira Inna, ta faɗa masa haka ya fi sau ɗari. Shi dai ya san hannun da ya jingine gilashin.

Auta ta girma da abinta, ta yi karatu, ta zama malamar aji uku a makarantar firamare. Tabon bai hana ta komai ba. Har suna ta raɗa masa, tana ce masa ɗan haya. In yara sababbin shiga suka zuba mata ido sai ta ce, “Ku gaishe shi mana, ɗan hayana ne, ya girme ku duka.” Su yi dariya a wuce wurin. Uban ne bai taɓa dariyar ba. In tana magana idonsa sai ya zame daga fuskarta ya sauka kan tabon, ya kawar da kai, ya sake dawowa. Ita kuwa tun tana ƙarama ta lura. Ba wanda ya koya mata, amma ta saba in za ta zauna kusa da shi sai ta zaɓi inda kuncinta na hagu ne zai fuskance shi. Shekara ashirin tana yi masa wannan alfarmar, shi kuma yana tsammanin wurin zamanta ne kawai.

Ranar da ta fara aiki ya yi mata madubi. Ya zaɓi katako mai kyau, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya haɗa kusurwoyin yadda ko allura ba za ta shiga ba. Ya kafa mata shi a ɗakinta da kansa, ya ja baya, ya gyara, ya sake ja baya. Inna ta ce da haka ya kula da rufin kicin da ke yoyo da tuni an huta.

A wannan shekarar ne wani likita ya buɗe asibitin gyaran jiki a babban titi. Kafin a san asibitin an san fuskarsa, domin ta hau allunan talla tun daga shataletale har tasha: farar riga, haƙora farare tas, hannu a harɗe, ga hotunan mata biyu-biyu a gefensa, ɗaya a murtuke ɗaya tana murmushi. Mutanen gari suka sa masa Likitan Allo, kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. A rediyo ma yana nan, a waya yana nan. Awa ɗaya, babu zafi, babu tabo, ki shigo da damuwa ki fita da sabuwar fuska.

Wata safiya sai ga motarsa a ƙofar shagon Mai Firam. Ya shigo da ƙamshin turarensa, ya rusuna ya yi gaisuwa irin ta ɗan mutunci, ya buɗe jaka ya zaro takardu goma sha huɗu. Mai Firam ya ɗaga ta farko ya auna ta a tafin hannu. Bai taɓa riƙe takarda mai wannan nauyin ba. Kauri kamar bangon littafi, gefe da ruwan zinariya, hatimi ja da ya tasa, har da ɗan kirtani mai sheƙi.

“Ranka ya daɗe, duk kai kaɗai ka karance wannan?”

“Da ikon Allah, Baba. An sha wuya a ƙasashen mutane.”

Suka zaɓi firam mai ruwan zinariya, da farin kwalin da ake zagaye takarda da shi a cikin gilashi don ta fito sosai. Mai Firam ya ɗora rula yana awo. Likitan ya matso, ya sa yatsa a ƙasan takardar, inda wasu ƙananan rubutu suka yi layi biyu.

“Baba, kwalin nan ya ɗan hau sama kaɗan, ya rufe nan. Wannan tarkacen masu buga takarda ne, yana ɓata tsari.”

Mai Firam ya karkata kai ya duba. Gaskiya ne kuwa, ƙananan rubutun sun sa ƙasan ya yi nauyi, sama ya yi fayau. Ya ji daɗi ya samu mai ido irin nasa. Ya ce, “Kai ma ka san aiki.” Ya ƙara faɗin kwalin da yatsa biyu daga ƙasa, ya ƙara daga sama don su daidaita, ya yi haka a takardu goma sha uku. Ta goma sha huɗun ce kaɗai ba ta da abin rufewa, kuma ita ce mafi shafal a cikinsu, har ya so ya ba da shawara a bar ta a jaka. Mako biyu ya yi a kan aikin. Da kansa ya je ya kafa su a bangon ɗakin jira, layi uku, ya ja baya ya kalla, ya ji a ransa cewa ko yau ya mutu ya bar abin nunawa.

Da zafi ya shigo a shekara ta gaba, ƙaiƙayin tabon ya matsa wa Auta har yana hana ta sakewa a aji. Ta ce za ta je babban asibiti a duba mata. Uban ya rufe shago ya raka ta. Suka yi layi tun safe a kan benci, sai bayan azahar aka kira su wurin likitar sashen gyaran fata da ƙuna, wata dattijuwa mai furfura da tabarau a kan hanci, wadda ba ta da lokacin murmushi.

Tun kafin ya zauna Mai Firam ya gama da ita. Bangon ofishin babu komai sai kalanda da shatin ruwan sama. Can a kan kabad ya hango firam guda ɗaya a jingine, gilashin ya tsage, takardar ciki ta yi ja, ƙura ta rufe ta. Firam ɗin ma na roba ne.

Likitar ta sa safar hannu, ta latsa tabon, ta tambayi shekarunsa, ta tambaya ko akwai mai irinsa a dangi. Sannan ta cire tabarau.

“Irin wannan tabon ba ya son wuƙa. In aka yanke shi haka kawai aka sallame ki, sau da yawa dawowa yake, kuma ya fi na da. Abin da zan yi miki allura ce a cikinsa, wata-wata. Akwai zafi. Zai yi laushi, ya ragu, ƙaiƙayin ya lafa.”

“Zai ɓace?” in ji uban.

“Ba zai ɓace ba.”

“Wata nawa?”

“Shida, ko shekara. Ban yi maka alkawari ba, Malam, jiki ba katako ba ne.”

Maganar katakon nan ta tsaya masa a wuya. A hanyar gida Auta ta ce ita ta yarda, ƙaiƙayin ne damuwarta, ɗan haya kuwa ya zauna abinsa. Uban ya ce sam. Ya ce matar nan ba ta san aikin ba ne shi ya sa take ja da baya, wanda ya iya abu ba ya cewa wataƙila. Ya ce shi fa ya ga takardarta, guda ɗaya tal, ita ma ko ita ba ta darajanta ta ba.

“Malam,” in ji Inna da suka iso, “yarinyar nan ta ce ba ya damunta. Kada garin gyaran gira a rasa ido.”

“Ke dai ba ki san takarda ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.”

“To ni yarinya ce?”

Washegari ya kai Auta asibitin Likitan Allo.

Can babu benci, babu layi. Kujeru masu laushi, sanyin na'ura, wata sakatariya mai zaƙin baki ta kawo musu ruwa a kofin gilashi. Ga bangon nan kuma, layi uku, yana walƙiya. Auta ta miƙe ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karanta manyan rubutun: sunan likitan, sunayen biranen waje, tiyatar gyaran fuska, tiyatar gyaran jiki, gyaran fata da injin haske. Abin da gilashi ya nuna mata ta karanta, kuma ta karanta daidai.

Likitan bai sa safar hannu ba, bai tambayi dangi ba. Ya ɗaga haɓarta da yatsa ɗaya ya yi dariya.

“Wannan ɗan abin? Shi aka ce shekara? Haba. Mutanen da ke can sun tsaya a zamanin da. Minti arba'in, ƙanwata. Kuma kin yi sa'a, rangwamen da muke yi ranar Juma'a zai ƙare.”

“An ce yana dawowa,” in ji Auta.

“A hannun wa?”

Ya nuna bango da haɓa. Sakatariya ta ajiye takardu shafi shida a gabanta da biro a kai, yatsanta tuni yana kan wurin sa hannu. Auta ta riƙe biron ba ta rubuta ba. Ta juyo ta kalli ubanta, ta ba shi kuncin hagu kamar kullum.

“Baba, ka tabbata?”

“Auta, takardun nan da hannuna na ɗaga su, ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da wani abu ina wannan aikin. Ni na sa miki abin nan a fuska, ki bar ni in ga an cire shi kafin in mutu.”

Bai taɓa faɗin haka da baki ba sai ranar. Ba don fuskarta ta sa hannu ba, kowa ya san wannan in ban da shi.

“In kai ka ce, Baba.”

Aka yi aiki ranar Alhamis. Da aka cire ɗinki wurin ya kwanta lif, sai ɗan siririn layi. A mako na uku suka kira ta, aka shafa mata hoda, aka kunna fitilu, aka ce ta juyo da dama ta yi murmushi, aka ɗauki hoto. Mai Firam kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ba mai gyaran waya labari, ya ba mai katifu, ya ba duk wanda ya kawo ko hoton biki ne. Mata biyu daga layin suka tafi asibitin da shaidarsa. Auta ma, gaskiya, ta ji daɗi. Inna ta sha kama ta a gaban madubi tana juya wuya, abin da ba ta saba ba.

A wata na huɗu layin ya fara ja. A na biyar ya tasa. Kafin shekara ta zagayo ya bi duk tsawon inda wuƙa ta bi, daga gindin kunne ya gangaro muƙamuƙi, kauri kamar babban yatsa, yana ja mata fata in ta juya kai, yana suka in ta kwanta a kansa. Yaran aji uku suka daina dariya, suka koma kallon ƙasa. Ita ma ba ta ƙara kiransa ɗan haya ba. Ta fara naɗa gyale har haɓa ko ana zafin da ya fi na kullum.

Sun koma asibitin sau biyar. Sau uku likita ya yi tafiya, sau ɗaya yana tiyata. A na biyar sakatariya ta buɗe shafi na biyar na takardar da Auta ta sa wa hannu, ta nuna inda aka ce sakamako ya danganta da jikin mutum. Ta ce jikinta ne mai gardama, amma akwai sabon injin da ya iso, in suna so a sake.

Haka suka koma kan bencin babban asibiti. Dattijuwar likitar ta zare gyalen a hankali, ta duba. Ba ta ce ai na faɗa muku ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

“Wa ya yi wannan?”

Suka faɗa mata.

“Kun tambaye shi shekara nawa ya yi yana koyon tiyata a ƙarƙashin manya? Kun je hukumar likitoci kun duba ko sunansa na cikin ƙwararrun wannan fannin? Ya gaya muku abin da zai iya lalacewa? Ya ce ku dawo a bi wurin da allura?”

Duk amsar a'a ce. Mai Firam ya ji dole ya kare kansa.

“Ranki ya daɗe, takardunsa goma sha huɗu. Ni na saka su a firam.”

“Me aka rubuta a ƙasansu?”

“A ƙasa?”

“Ƙananan rubutun. Nan ake faɗin ko karatun shekara shida ne ko taron kwana biyu. Manyan rubutu ai kowa da injin bugawa zai yi.”

Ta juya ta ci gaba da yi wa Auta bayani, cewa yanzu aikin ya yi tsawo, za a fara da allura a gani, ba ta da alkawari. Shi kuwa bai ƙara jin komai ba. Yatsa biyu daga ƙasa, yatsa biyu daga sama. Yana jin rular a hannunsa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya yi ta fatan ko ya manta ne, ko tarkacen masu bugawa ne da gaske. Sai ga shi bayan wata guda sakatariyar ta zo shagon da kanta, ko a jikinta, domin ba ta ma haɗa fuskarsa da ta uban mai gardamar jiki ba. Sun buɗe sabon reshe, ta ce. Ga firam ɗaya ya faɗo gilashin ya fashe, a sake masa, ga kuma ambulan na hotuna a saka su irin na wancan karon.

Da ta fita ya juya firam ɗin, ya zare ƙusoshin da shi ya buga, ya ɗaga kwalin da shi ya yanka. Layi biyun suna nan, farare tas, ko rana ba ta taɓa su ba. Ya rufe shago da rana tsaka ya tafi gida. Auta tana tsakar gida tana duba littattafan yara. Ya miƙa mata takardar ya ce ta karanta masa, daga sama har ƙasa, kada ta tsallake komai.

Ta karanta manyan rubutun da ta riga ta sani. Ta sauko ƙasa, ta matso da takardar kusa da ido, ta fassara masa da muryar da take yi wa 'yan aji uku shifta.

“Mai wannan takarda ya halarci taron kwana biyu a zauren otal. Wannan shaidar halarta ce kawai. Ba ta ba mai ita izinin yin tiyata ba.”

Inna ta ajiye tsintsiya.

“Wannan layin ba ya nan ranar da na karanta,” in ji Auta.

“Yana nan. Kwali ne a kansa.”

“Wa ya sa kwalin?”

Ta san amsar, shi ma ya san ta sani. Ya tsaya da hannuwansa masu zane-zane a gefe, tsoho ɗan shekara sittin da biyu, ya kasa ɗaga ido. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki ambulan ɗin da ya ajiye a kan tabarma ba tare da ya buɗe ba, ta zazzage. Mata biyu-biyu, ɗaya a murtuke ɗaya tana murmushi. Ta huɗu ita ce, kuncin dama a gaba, sumul, tana dariya har haƙora. A ƙasa an buga: sakamako na dindindin.

Washegari ya je asibitin ya zauna ya ƙi tashi har aka shigar da shi. Ya ajiye takardar tsirara a kan tebur. Likitan Allo bai ko girgiza ba. Ya ce shi likita ne na gaskiya, ga takardarsa ta makaranta can a bango, waccan mara nauyin, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya ce bai taɓa rubuta wa kowa cewa shi ƙwararren tiyata ne ba, mutane ne ke karanta abin da suke so. Hoton kuwa ta sa hannu a shafi na shida.

“Kuma Baba,” ya ce yana murmushin nan na kan allo, “ni ban iya yanka kwali ba.”

Mai Firam ya fito da wannan maganar a ƙirji, kuma har yau tana nan. Dattijuwar likitar ta taimaka musu suka rubuta ƙara zuwa hukumar likitoci. Aka amsa da wasiƙa cewa ana bincike. Wasiƙar shafal ce, ya lura, sannan ya ji kunyar lurar. Aikin sabon reshen kuwa wani mai firam a ƙarshen layi ya karɓa, ya yi shi cikin kwana huɗu, kusurwoyin duk a buɗe. Allon shataletale aka sauke shi aka sa wanda ya fi shi girma. Matan nan biyu da suka tafi da shaidarsa, ɗaya ta daina bi ta ƙofar shagon, ɗayar kuwa tana gaishe shi, abin da ya fi ciwo.

Tun daga lokacin ya ɗauki wata ɗabi'a da ta kore masa rabin masu kawo aiki. Duk wanda ya kawo takarda sai ya ce ya karanta masa ita har ƙasa kafin ya ɗora rula. Wasu su yi dariya su karanta, wasu su ce tsufa ya fara taɓa shi, wasu su naɗe takardarsu su wuce ƙarshen layi. Mai gyaran waya ya ce ihu ne bayan hari. Bai musa ba.

Hoton Auta kaɗai bai mayar ba. Ya sa shi a aljihun tebur ƙarƙashin gwangwanin ƙusoshi, bai kuma ƙara buɗe wannan aljihun ba.

Wata ranar Asabar da hantsi, bayan allurarta ta bakwai, sai ga ta a ƙofar shago da wani abu naɗe a zani. Rabonta da shagon tun tana shekara bakwai. Ta ɗora shi a kan bargon ta warware. Madubin ne.

“Ya fashe?” ya ce, yana dubawa.

“Lafiyarsa ƙalau. Ka cire madubin, Baba, ka sa min hoton nan da ke wurinka.”

“Auta, hoton ƙarya ne.”

“Rubutun ne ƙarya. Fuskar tawa ce, na yi wata uku da ita.” Ta shafa katakon. “Kada ka sa kwali. A bar rubutun a gani.”

Ya juya firam ɗin ya zare ƙusoshi, ya cire madubin ya jingine shi can sama inda ƙafa ba ta kaiwa. Ya auna gilashi, ya ja abin yanka sau ɗaya, ya ɓalle. Hoton ya yi wa firam ɗin kaɗan, gefe duk fili, irin aikin da da ko an biya shi ninki ba zai bari ya fita daga shagonsa ba. Ya goge, ya rufe baya, ya buga ƙusoshi.

Da la'asar ya bi ta gida ya rataye shi a ƙusar da madubin ya bari. Ya ja baya don ya duba, kamar yadda ya saba. Auta ta zare gyalenta ta ninke, ta zo ta zauna a bakin gado a ƙarƙashin hoton. Ba ta zagaya ta ɗaya gefen ba. Ta zauna ta ba shi kuncin dama, tabon gaba ɗaya a fili, daga kunne har muƙamuƙi, da ɗigon allurar jiya a jikinsa.

Sai a lokacin ya gane cewa shekara ashirin ba wurin zama take zaɓa ba.

“Ya miƙe, Baba?” ta ce.

Ya kalli hoton, ya kalle ta. Wannan karon bai kawar da kai ba, domin ba ta bar masa inda zai kai idon ba.

“Ya miƙe,” ya ce.